Yadda 'Yar Wasan Karate Za Ta Kai Ga Gasannin Duniya

'Yan mata da yawa masu hazaƙa a karate ba abokiyar karawa ce ke fitar da su daga gasa ba. Sikeli ne, ko biza, ko rigar da ba ta cika ƙa'ida ba, ko maganin mura da aka saya a kemis. Mai son ta wakilci ƙasarta sai ta san waɗannan kamar yadda ta san gyaku-zuki, wato naushi da hannun baya, kuma ta fara saninsu tun tana ƙaramar 'yar wasa.

Fara da tantance hukumar da kike ƙarƙashinta

Ƙungiyoyin karate na duniya suna da yawa, kowace tana shirya abin da take kira gasar duniya. Wadda Kwamitin Olamfik ya amince da ita ita ce WKF, wato Hukumar Karate ta Duniya, mai hedikwata a Madrid, kuma reshenta na Afirka shi ne UFAK. Hanyar zuwa Wasannin Afirka, da gasar ƙasashen Musulmi, da gasannin Karate 1 da WKF ke shiryawa, duk ta nan take bi. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa kocinki ita ce: kulob ɗinmu yana da rajista da hukumar karate ta ƙasa wadda WKF ta sani? Idan babu, kina iya tara kofuna cike da ɗaki amma ba ki da maki ko ɗaya a jadawalin duniya.

'Yar wasa ba ta shigar da kanta gasar Afirka ko ta duniya. Hukumar ƙasa ce ke zaɓe, ita ke tura suna, kuma a gasar nahiya mutum ɗaya take sakawa a kowane ajin nauyi. Kenan gasar cikin gida ita ce ƙofa. A Najeriya akwai gasar ƙasa ta hukumar karate, da Bikin Wasanni na Ƙasa inda jihohi ke karawa, da kuma gasar mata zalla ta Zainab Saleh da ake yi a Legas. Masu zaɓe suna duban wadda ke zuwa a kai a kai tana kaiwa zagayen ƙarshe, ba wadda ta haska sau ɗaya ta ɓace ba. Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a fasfo, da takardar haihuwa, da rajistar WKF. Harafi ɗaya idan ya bambanta, zai iya tsayar da ke a teburin tantancewa bayan an riga an biya kuɗin jirgi.

Kata ko kumite

A dojo, wato wurin horo, kowa yana yin duka biyun. A matakin duniya da wuya a haɗa su, domin jikin da kowanne ke nema daban ne. Zuwa shekara 16 ko 17 ya kamata ke da kocinki ku yanke shawara.

Kumite karawa ce tsakanin mutum biyu, kuma tana son tsawon hannu da ƙafa, da saurin ido, da iya auna tazara. Kata kuwa jerin motsi ne da aka gada, ke kaɗai a fili, kuma tana son ƙarfin cinya, da tsayuwa wadda ba ta rawa, da haƙurin maimaita abu ɗaya shekara da shekaru. Masu kata suna daɗewa ana damawa da su. Sandra Sánchez ta Sifaniya ba ta shiga tawagar ƙasarta ba sai tana da shekara 33, ta ci gasar duniya a Madrid a 2018, sannan ta ɗauki zinaren Olamfik a Tokyo tana da shekara 39. Duk wadda aka ce mata lokacinta ya wuce tana da shekara 25, ta tuna da wannan.

Rukunin shekaru kuwa haka yake: kadet 14 zuwa 15, matasa 16 zuwa 17, 'yan ƙasa da 21, sai manya. Ana shiga kata ta manya daga shekara 16, kumite ta manya daga 18.

Ajin nauyi: nan ne ake yawan yin ɓarna

Manyan mata suna da aji biyar: ƙasa da kilo 50, ƙasa da 55, ƙasa da 61, ƙasa da 68, da sama da 68. A wurin awo ana yi wa mata sassaucin rabin kilo, kuma wadda ta zarce wannan ba ta wasa, ba a kuma mayar da ita aji na gaba a ranar.

Ki zaɓi ajin da yake kusa da nauyinki na yau da kullum. Idan kina kilo 63 kina cin abinci yadda ya kamata, ajin 61 naki ne, kilo biyu za su sauka a hankali cikin mako huɗu zuwa shida, kamar rabin kilo a mako. Idan kina 66 kina hangen 61, kin zaɓi wahala: ki tsaya a 68 ki ƙara ƙarfi. Masu matse kansu cikin kwana uku da ƙishirwa, da gudu cikin rigar leda, da tofar da yawu, suna hawa sikeli su wuce, amma washegari ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage sauri, naushin da aka saba kauce masa ya same su. A kumite bambancin maki da rashinsa bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ruwan jiki ne ke riƙe da wannan saurin.

Akwai abin da koci namiji ba lallai ya tambaya ba, ke ce za ki lura. Mata da yawa suna ƙara kilo ɗaya ko fiye a kwanakin da ke gaban al'ada, saboda jiki yana riƙe ruwa. Ki riƙa auna kanki da safe, kafin cin komai, kina rubutawa tare da kwanakin al'adarki har wata uku. Daga nan za ki san inda ranar awo ta faɗa, ki bar wa kanki sarari. Idan kuma al'ada ta ɗauke wata uku ba juna biyu, wannan ba shaidar ƙwazo ba ce. Alama ce cewa abincin da ke shiga bai kai aikin da jiki ke yi ba, kuma abin da ke biyo baya shi ne raunin ƙashi da tsagewarsa a ƙwauri ko tafin ƙafa. A je wurin likita, a ƙara abinci. Haka nan gajiyar da ba ta tafiya da haki da wuri sukan zama ƙarancin jini, wanda gwaji mai sauƙi ke nunawa. Sinadarin gina jiki da mai horo irin wannan ke bukata ya kai kamar giram 1.6 zuwa 2 kan kowane kilo na nauyinta a rana. Wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da nama sun isa, ba sai garin gwangwani ba.

Makin jadawali na ajin da aka same shi ne. Mai tsalle daga wannan aji zuwa wancan tana raba makinta gida biyu, ba ta yi sama a ko ɗaya ba.

Dokar kumite yadda alƙalai ke karanta ta

Fili mita 8 ne kowane gefe. Karawar manyan mata minti 3 ce, daidai da ta maza, ta kadet da matasa minti 2. Naushi mai kyau yuko ne, maki 1. Shuri a jiki waza-ari ne, maki 2. Shuri a kai, ko duka mai tsabta kan wadda ta faɗi ko aka kayar, ippon ne, maki 3. Tazarar maki 8 tana ƙare wasa nan take. Alƙalin tsakiya ba ya ba da maki shi kaɗai, sai aƙalla biyu daga cikin alƙalai huɗu na gefe sun gani.

Taɓa abokiyar karawa ba shi ne maki ba. Ana duba kyawun motsi, da ƙarfi, da lokaci, da tazara, da ladabin wasa, da kuma zanshin, wato ci gaba da fuskantar abokiyar karawa bayan an kai duka. Sababbin shiga a nan suke asara: ta kai naushi mai kyau, sai ta kau da kai ko ta juya baya tana murna, alƙalai su ƙi ɗaga komai. Janye hannu da sauri zuwa ƙugu da tsare ido a kan abokiyar karawa wani ɓangare ne na makin. A fuska kuwa taɓawa mara nauyi kawai aka yarda wa manya, ga yara dokar ta fi tsauri. Dukan da ya wuce kima laifi ne, ko da kin fi ta iyawa.

Abin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne senshu. Wadda ta fara cin maki ita kaɗai, ba tare da ɗayar ta ci a lokaci guda ba, ta riƙe senshu, kuma idan lokaci ya ƙare ana kunnen doki ita ce ta yi nasara. Wannan ya sa daƙiƙa 30 na farko suke da tsada. Amma ana ƙwace shi: a daƙiƙa 15 na ƙarshe, idan mai senshu ta fita daga fili, ko ta riƙa gudu, ko ta rungume abokiyar karawa don cinye lokaci, za a yi mata gargaɗi mai nauyi a kuma cire mata senshu. Finafinan gasa cike suke da waɗanda suka yi ta jan ragamar wasa minti biyu da rabi, suka zubar a nan. Maganinsa horo ne na musamman: koci ya saita agogo a daƙiƙa 20, ya ce kina gaba da maki ɗaya, bayanki yana kusa da layi, ki tsira ba tare da gudu ba. Ana koyon zagayawa gefe, da tarar mai shigowa da kizami-zuki, wato naushi da hannun gaba, da riƙe tsakiyar fili. Sai a juya, a ce ke ce a baya da maki biyu, dole ki nemo shurin kai ko taɗiya da duka. A yi wannan sau biyu a mako, lokacin da jiki ya riga ya gaji.

Gargaɗi yana taruwa: chui, wato ƙaramin gargaɗi, har sau uku, sai hansoku-chui, gargaɗin ƙarshe, sai hansoku wanda shi ne kora. Riƙe riga da hannu ɗaya halal ne idan duka ko kayarwa za ta biyo nan take, hannu biyu kuwa sai idan ƙafar shuri aka cafke. Wadda ta faɗi ta kasa miƙewa cikin daƙiƙa 10 an cire ta daga kumite a gasar baki ɗaya. Kuma idan wadda ta doke ki ta kai wasan ƙarshe, a tsarin fitar-da-gwani za a dawo da ke neman tagulla. Kada ki cire kaya ki tafi cin abinci kafin ki ga yadda ta ƙare. 'Yan wasa sun sha rasa lamba saboda an kira suna ba sa nan.

WKF tana gyara dokokinta kusan kowace shekara. A sauke sabon littafin a watan Janairu, a karanta shi tare da alƙali mai lasisi.

Ga mai kata

Daga jerin kata 102 da WKF ta amince da su ake zaɓa. Kina bukatar huɗu ko biyar da suka nuna sosai, domin ba a barin ki ki maimaita guda ɗaya a kowane zagaye. Matan da ke sama sun fi yin na salon karate na Shito-ryu, irin su Papuren, Suparinpei, Anan da Chatanyara Kushanku, wadda Sánchez da Kiyou Shimizu ta Japan duka suka yi a wasan ƙarshe na Tokyo. 'Yar salon Shotokan tana da Unsu, Gojushiho Sho, Gojushiho Dai da Gankaku. Kada ki ajiye mafi kyawunki don wasan ƙarshe idan ƙuri'a ta haɗa ki da gwana a zagayen farko.

Faɗin sunan wata kata a yi wata, mantawa da rusunawa a farko ko ƙarshe, tsayawa cak a tsakiya, ko ɗamara ta kwance ta faɗi, kowanne kora ne. Dukan riga da hannu don ta yi ƙara, da buga ƙafa, da huci mai amo, suna rage maki. Alƙalan duniya sun san wannan dabarar sarai.

Kaya

Komai sai mai tambarin amincewar WKF. Mai kumite tana bukatar safar hannu ja da shuɗiya, kariyar ƙwauri da ta ƙafa ja da shuɗiya, ɗamara ja da shuɗiya marasa rubutu, robar haƙori, rigar kariyar jiki, da kariyar ƙirji ta mata a ƙarƙashinta. Baƙar ɗamararki tana zama a jaka. Hannun riga kada ya wuce wuyan hannu, kada ya gaza rabin damtsen ƙasa, ba a kuma naɗe shi. Wando ya rufe kashi biyu cikin uku na ƙwauri, kada ya sauka ƙasa da idon sawu. An yarda da farar riga mara zane a ciki. Farce a yanke, babu ɗan kunne, babu zobe, babu fil ko maƙalin gashi na ƙarfe, babu tabarau.

Tun 2013 WKF ta halatta ɗankwali: baƙi, mara ado, irin wanda ta amince da shi, mai rufe gashi amma ba ya rufe maƙogwaro. Wannan ya buɗe ƙofa ga 'yan mata Musulmi da yawa, kuma hujja ce da za a iya nuna wa iyaye masu ɗari-ɗari. Ki yi horo da shi tun a gida, don ki saba da zafinsa, ki kuma tabbata ba ya zamewa idan an yi shurin kai. Kayan kariya kuma su shiga jakar hannu a jirgi, domin akwati yakan makara.

Hawa jadawali da kuɗi kaɗan

Gasannin Karate 1 hawa uku ne. Youth League na yara da matasa ne. Series A a buɗe take ga manya, nan ake fara tara maki. Premier League ta 'yan sama ce, mutum 32 a kowane aji, kuma matsayi a jadawali ne ke ba da gurbi. Gasar duniya ta fi kowace nauyin maki, sai ta nahiya da Premier League, sai Series A. Maki yana raguwa da rabi bayan shekara, saboda haka wadda ta zauna shekara guda ba ta fita ba za ta ga sunanta yana gangarowa.

Ga 'yar Afirka ta Yamma, gasar Afirka ita ce mafi riba: makinta yana da nauyi, masu shiga ba su kai na Turai yawa ba. Sai dai a can za ki haɗu da Masar da Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Masar ce ta ba nahiyar zinaren Feryal Abdelaziz a ajin sama da kilo 61 a Tokyo, inda aka haɗe ajujuwan nauyi, mace ta farko daga ƙasar da ta ci zinaren Olamfik, da tagullar Giana Farouk a ajin ƙasa da kilo 61. Kallon bidiyon 'yan wasan waɗannan ƙasashe aiki ne, ba hutu ba: wace ƙafa take sakawa gaba, me take yi idan an matsa mata, me take yi idan tana baya. Idan kuɗin tafiya ɗaya ko biyu kawai ake da shi a shekara, a duba waɗanda ake yi a Alƙahira ko Maroko kafin a hangi Turai.

A kuma san inda ake dosa. Karate ta shiga Olamfik sau ɗaya, a Tokyo a 2021. Babu ita a Paris 2024, babu ita a Los Angeles 2028. Manyan wuraren yanzu su ne gasar duniya, da Wasannin Duniya na World Games, da Wasannin Afirka kamar wanda aka yi a Accra a Maris 2024. Tunda karate ba ta ciyar da yawancin masu yinta, kada a ajiye karatu ko sana'a dominta, kuma lasisin koci ko na alƙalanci abin nema ne tun ana wasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Schengen ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, tana bukatar inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000, da wasiƙar gayyata, da wasiƙar hukumar ƙasa, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. A isa kwana biyu kafin awo. Yarinyar da ba ta kai 18 ba ta tafi da takardar izinin iyaye da mace babba a tawaga, kuma duk kocin da ya nace sai ya keɓe da ita a ɗaki ko a horo, a kai maganarsa gaban hukuma. Kocin da zai zauna miki a kujera dole ya kasance da lasisin WKF, domin shi kaɗai ke iya ɗaga katin neman a duba bidiyo. In babu shi, ke kaɗai ce a fili.

Magani da gwajin fitsari

Ƙa'idar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni, ita ce duk abin da aka samu a jikinki ke ce da alhakinsa, ko likita ne ya rubuta. Hukunci yana iya kaiwa shekara huɗu. Jerin haramtattun magunguna yana sabuntuwa kowace 1 ga Janairu. Waɗanda suka fi kama 'yan wasanmu sanannu ne: maganin sa fitsari irin furosemide da ake sha don rage nauyi, haramun ne a kowane lokaci, kuma yakan ɓuya cikin shayin rage ƙiba. Tramadol ya shiga jerin haramcin lokacin gasa tun Janairun 2024. Dexamethasone da prednisolone na sha ko na allura haramun ne lokacin gasa. Maganin mura mai pseudoephedrine yana da iyaka. Clomiphene da ake ba mata don neman haihuwa yana cikin jerin. Ƙarin ruwa ta jijiya fiye da mililita 100 cikin awa 12 laifi ne idan ba a asibiti aka kwantar da ke ba, don haka masu ɗaura ruwa bayan awo su sani. Haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba, a bar su.

Mai asma ko wata cuta da ke bukatar magani daga jerin ta nemi takardar izinin jinya, wadda ake kira TUE, kafin gasa. Idan aka kira ki gwaji, mace ce za ta raka ki, ana bukatar aƙalla mililita 90, ke za ki zaɓi kwalaben ki raba fitsarin gida biyu ki rufe da hannunki. Kina da damar tafiya da wakili. Ki rubuta duk maganin da kika sha a mako guda da ya wuce a kan fom, ki duba lambobin kwalabe sun yi daidai da na takarda kafin ki sa hannu.

Gwiwa da kai

Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi samun mata, kuma tana cin wata tara ko fiye. Tana faruwa ne wurin sauka daga shuri ko juyawa a kan ƙafar da ta kafe, gwiwa ta karkata ciki. Minti 15 kafin horo, sau uku a mako, na ƙarfafa bayan cinya da ɗuwawu, da tsalle a sauka a ƙafa ɗaya gwiwa tana kallon yatsu, yana rage haɗarin sosai. Duka a kai da ya kawo jiri, ko amai, ko mantuwa, ko ciwon kai, ya rufe wasan ranar, ko da wasan ƙarshe ne. Komawa horo sai alamun sun tafi, a fara da tafiya da keke, sannan motsi ba abokin karawa, sannan kumite, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya, kuma likita ne zai ba da izinin matakin ƙarshe.